Mudu Biyu: Awon Halin Taurari a Tatsuniya da Ƙagaggen Labari, da Misalai daga Bakin Kwara

Ba a yi wa yaro tatsuniya ya zauna tsakiya. Tun ba a kai rabinta ba ya riga ya zaɓi nasa, ya san wanda yake so ya tsira da wanda yake jira ya ga ƙarshensa. Wannan rabo da yaro yake yi a ransa ba da saninsa ba, shi ne malaman adabi suke yi a takarda idan sun zo nazarin taurari, watau mutane da dabbobi da aljanun da ake ba da labari a kansu. Abin da aka saba koya wa ɗalibai shi ne su kasa taurari gida biyu, nagari da mugu. Rabon yana da sauƙin koyarwa, yana kuma da sauƙin dubawa ran jarrabawa, amma bai ɗauke tatsuniyoyin Hausa duka ba, balle littattafan da suka biyo bayansu. Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa mai sauraro da mudu biyu yake awo, na kirki da na wayo, kuma in mudun biyu suka saɓa akwai abu na uku da yakan duba kafin ya yanke hukunci.

Yawancin misalan da za a kawo tatsuniyoyin ruwa ne, kuma da ƙasar Yauri a rai aka zaɓe su. Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku na Jihar Kebbi, watau Yauri da Ngaski da Shanga, dukansu a gefen Kwara. Ƙasa ce ta kabilu da yawa. Akwai Gungawa, waɗanda sunansu ya fito daga gungu, watau tsibiri, su kuwa suna kiran kansu Reshe. Akwai Kambari, akwai Shangawa masu harshen da yake dangin harsunan Mande, akwai Sarkawa masunta, ga Fulani, ga Hausawa. Hausa ita ce harshen kasuwa da fada da makaranta, har ma yawancin Shangawa ita suke yi a gida. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968, ta ta da mutane fiye da 40,000 daga gungu da bakin gaɓa zuwa sababbin garuruwa, amma ba ta raba su da ruwa ba. Tatsuniyoyin da za a ambata na kowa ne, ana jin su daga Katsina har Damagaram. Sai dai wanda ya tashi yana ganin dorina da kada, ya kuma san abin da ake nufi da shiga jirgin fito, ya fi mutumin tudu gane nauyin abin da ya faru a cikinsu.

Gizo a gidan kada

Ga yadda labarin yake a taƙaice. An yi yunwa. Hankaki suna zuwa wani ɓaure da ke tsakiyar kogi suna ci suna ƙoshi. Gizo ya roƙe su, kowanne ya fige gashi ɗaya ya ba shi, ya liƙa, ya tashi tare da su. Da aka sauka kan ɓaure, duk ɗan da wani hankaka ya nufa sai Gizo ya ce nasa ne, shi ya fara gani. Da abin ya ishe su, kowa ya karɓe gashinsa suka tashi suka bar shi. Ya faɗa ruwa, ya iske kansa a gidan kada. Nan ya fashe da kuka, ya ce shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun yana ƙarami. Suka karɓe shi, suka ba shi masauki a ɗakin da ƙwansu yake. Da dare ya bi ƙwan yana ci. Da aka zo ƙirga, sai ya riƙa ɗaga guda ɗaya da ya rage yana nunawa yana mayarwa, har lissafi ya cika. Aka sa shi a jirgi a kai shi gaɓa. Suna tsakiyar ruwa asiri ya tonu, aka yi ta ƙwala kira a komo da shi. Mai tuƙin ba ya ji sosai, ya tambayi Gizo abin da ake cewa, Gizo ya ce wai a yi sauri. Haka ya tsira.

Mai karatu ya ajiye wannan, ya dubi na biyu. Gizo ya ci bashi wurin Giwa, ya ci wurin Dorina, ya yi wa kowannensu alkawarin biya. Da lokaci ya yi, ya kawo doguwar igiya, ya ba Giwa baki ɗaya a tudu ya ce dokin da zai biya ta da shi yana ɗaure a ɗaya bakin, sai ta ja. Ya gangara kogi ya faɗa wa Dorina haka nan. Suka wuni suna jan juna, kowace tana mamakin ƙarfin dokin Gizo.

A labarin farko da na biyu Gizo ɗaya ne. Ya yi ƙarya a nan, ya yi a can. Ya ci abin mutane bai biya ba, ya kuma tsira sau biyu. In da mudun kirki kaɗai ake awo, hukuncinsa ɗaya ne. Amma duk wanda ya taɓa zama cikin yara ana tatsuniya ya san ba haka abin yake ba. A labarin igiya dariya ake yi har da tafi, babu mai jin tausayin Giwa. A labarin ƙwai ana dariya wajen ƙirga, amma dariyar tana da ɗaci, kuma ba a rasa yaron da zai ce Gizo bai kyauta ba. Abin da ya bambanta su shi ne wanda aka cuta. Giwa da Dorina manya ne, da sun ga dama da taku ɗaya sun gama da shi, saboda haka wayonsa makamin marar ƙarfi ne. Kada kuwa, ko da yake abin tsoro ne a ruwa, a wannan labari mai masauki ne. Ya buɗe ɗakinsa ga baƙo, ya amince masa da 'ya'yansa. Hankaki ma kyauta suka yi masa daga jikinsu. Wanda ya cuci mai ƙarfi gwani ne, wanda ya cuci mai masaukinsa ya ci amana, ko da dabarar da suka yi iri ɗaya ce. Wannan shi ne abu na uku da mai sauraro yake dubawa.

A ƙasar da ake ƙetare ruwa kullum wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya shiga jirgi ya ba mai fito ransa, mai fito kuma ya yarda da wanda ya ɗauka. Ƙaryar da Gizo ya yi wa mai tuƙi a tsakiyar kogi, ga ɗan Yelwa ko Wara, ƙarya ce da aka yi a wurin da ba a wasa.

Kalmomin da Hausa ta riga ta tanada

Harshen da kansa ya raba abin da ɗalibai suke cakuɗawa. Akwai wayo, akwai dabara, akwai hankali, akwai hikima, akwai kuma makirci, kuma ba ɗaya suke ba. Dabara hanyar fita ce daga matsala, ba ta da laifi ba ta da lada sai an ga inda aka yi da ita. Wayo shi ne iya ganin amfanin kai kafin wani ya gani. Hankali ya haɗa da sanin ya kamata, shi ya sa akan ce yaro ya yi wayo tun yana ɗan shekara uku, amma ba a cewa ya yi hankali sai ya san gaida manya da riƙe bakinsa. Hikima hankali ne da ya tsufa har ya amfani wasu. Makirci kuwa wayo ne da aka ɗaura wa niyyar ɓata wani, ko da mai yin sa ba zai ci kome ba.

A. H. M. Kirk-Greene, a laccarsa a kan mutumin kirki wadda aka buga a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1974, ya lissafa halaye goma da Hausawa suke nema ga mutum kafin su kira shi na kirki: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura a nan shi ne wayo ba ya cikinsu. In aka auna Gizo da waɗannan goma ba zai sami ko ɗaya ba, musamman kunya, don ko matarsa Ƙoƙi bai bari ba, yakan ɓoye mata abinci lokacin yunwa. Duk da haka shi ne tauraron da ya fi kowa yawan fitowa a tatsuniya, har akan rufe ta da ɗora masa alhakin ƙaryar da aka yi. Al'ummar da take koya wa 'ya'yanta kunya da rana, ita ce take ba su labarin marar kunya da dare. Wannan ba zai yiwu ba sai in akwai mudu na biyu da ake yaba masa da shi.

Idan aka gicciya mudun biyu sai gida huɗu su fito. Mai kirki mai wayo, mai kirki marar wayo, mugu mai wayo, mugu marar wayo. Gidan ƙarshe shi ya fi sauƙin cikawa, don Kura ta riga ta shimfiɗa tabarma a ciki. Tana da ƙarfi, tana da haɗama, ga tsoro, ga wauta, kuma kusan kullum haɗamar ce take kai ta ga halaka. Ba a tsoronta a tatsuniya, dariya ake yi mata. A wata ruwaya ta faɗa rijiya, Biri ya miƙa mata wutsiya ya fid da ita, ta riƙe shi ta ce yunwa take ji. Dila ya zo, ya ce shi ba zai yi shari'a ba sai ya ga yadda abin ya faru tun daga farko. Kura ta koma rijiya don ta nuna masa, Dila ya ce wa Biri ya kama hanyarsa. A nan gida uku sun bayyana a labari ɗaya. Biri ya yi alheri bai yi tunani ba, Kura ta yi butulci ba ta yi tunani ba, Dila ya yi yaudara, amma don ceton wanda aka zalunta, shi ya sa ake ce masa malamin daji. Amma fa kada a ba Dila wannan gida dindindin, akwai labaran da don cikinsa kaɗai yake aiki. Zaki ma haka yake, wani lokaci sarki ne mai adalci, wani lokaci ƙarfi ne kawai wanda ƙaramar dabba take juyawa.

Bashin Dodo

Dodo ya cancanci a daɗe a kansa, don shi ne ya fi ruɗa mai kasa taurari. A. J. N. Tremearne ya kawo wani labarinsa a littafin da ya buga a 1913. Mata biyu sun tafi ɗiban ruwa, ɗaya tana da ciki. Abokiyar tafiyarta ta cuce ta, ta tafi ta bar ta da tulun da ta kasa ɗauka. Dodo ya fito ya ce zai ɗora mata, amma da sharaɗi: in ta haifi namiji abokinsa ne, in mace ce matarsa ce. Ta yarda. Ta haifi mace, yarinya ta girma, aka ba da ita ga wani. Ran biki Dodo ya zo karɓar bashinsa. Aka yi ta ba shi dukiya da dabbobi yana haɗiyewa yana cewa bai ƙoshi ba, har ya kai ga mutane. A ƙarshe wuƙa ta faɗo daga sama, ya haɗiye ta, ta farke cikinsa, duk abin da ya ci ya fito.

In aka bi maganar ta fuskar alkawari, Dodo ne mai gaskiya. Ya yi aikin da ya ce zai yi, ya jira shekaru bai dame kowa ba, uwar ce ta saɓa. Cikin taurarin labarin nan shi kaɗai ne bai yi ƙarya ba. Duk da haka babu mai sauraron da yake bayansa, kuma da dalili. Ya ƙulla cinikin ne da mace ita kaɗai a bakin ruwa, tana cikin matsuwa, ya kuma sayi ran mutum da ɗora tulu. Sa'an nan da aka zo biya, bashin ya ƙi ƙarewa. Tatsuniyar ta san bambanci tsakanin cika alkawari da adalci, ta kuma ɗora wa mai ƙarfi laifin sharaɗin da ya gindaya wa marar ƙarfi. Watau ka'idar da ta wanke Gizo a gaban Giwa ita ce ta kama Dodo a gaban mai ciki. Wadda ta fi kowa laifi kuwa, watau abokiyar tafiyar da ta jawo abin tun farko, labarin ya mance da ita, kuma yawancin masu sauraro ma sukan mance.

Inda mudun kirki yake sarauta

Da an bar dabbobi an shiga gidan mutane sai awo ya sake. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda ta riga littafin da ya ari sunanta, an tura 'Yar Bora ta wanko ƙirgi a wani ruwa mai nisa. Ta gamu da abubuwan ban mamaki a hanya, ta gaishe su da ladabi, ba ta yi dariya ba, ba ta yi kwaɗayi ba. Aka ba ta ƙwai, ta bi umurnin da aka yi mata, ta komo da dawaki da dukiya. 'Yar Mowa ta bi hanyar nan, ta ga abubuwan nan, ta yi rashin kunya a kowane zango, ta komo da tsiya. Babu wayo a cikin nasarar 'Yar Bora, ladabi ne da haƙuri. Hanya ɗaya, gwaji ɗaya, sakamako biyu. Irin wannan tatsuniya ita ce ta yarda da rabon nagari da mugu ba tare da gardama ba, kuma daga gare ta ne malamai suka ɗauki ka'idar da suke ƙoƙarin ɗora wa sauran. Akwai abu ɗaya da ya kamata a ƙara. Tun kafin 'yan matan su yi kome, sunayensu sun riga sun gaya wa mai sauraro inda zai tsaya, don bora ita ce matar da miji ba ya so, mowa kuwa ita ce ta gaban goshi. Tatsuniya tana bayan wanda aka danne a gida, kamar yadda take bayan ƙarami a daji, shi ya sa auta da maraya suke yawan cin nasara.

Yadda wasu suka yi nasu rabon

Kasa halaye tsohuwar sana'a ce. Wani Bagirke mai suna Tiyofirastus, almajirin Aristotal, ya rubuta siffofin mutane talatin, kamar marowaci da matsoraci da mai fadanci, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Malaman Musulunci suna da rabon rai gida uku: mai umurni da mugunta, mai zargin kanta, da wadda ta natsu. A 1927 marubucin Ingila E. M. Forster ya raba taurari biyu, wanda halinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe da wanda yake iya ba mai karatu mamaki. A 1928 Vladimir Propp na Rasha ya nazarci tatsuniyoyin ƙasarsu, ya ce a bar tambayar hali a dubi aiki, ya fitar da matsayi bakwai, cikinsu har da jarumi da mugu da mai bayarwa da mataimaki da jarumin ƙarya. Tsarinsa ya zauna daidai a kan 'Yar Bora da 'Yar Mowa, amma ya rasa inda zai sa Gizo, wanda yakan zama jarumi da mugu a labari guda. Akwai kuma wasan Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974, wanda daga baya aka tsara masa gida tara ta hanyar gicciya nagarta da mugunta a kan bin doka da ƙin ta. Wannan ya yi kusa da abin da ake faɗi a nan, don shi ma mudu biyu ne, kuma yana da gida na musamman ga mugu mai bin ka'ida irin Dodon bashi. Sai dai mudunsa na biyu doka ce, na tatsuniyar Hausa kuwa wayo ne, kuma bai tanadi wurin tambayar wa aka cuta ba.

Daga dandali zuwa takarda

A 1933 Rupert East na Ofishin Talifi a Zariya ya sa gasar ƙaga labarai, aka fara buga littattafan da suka yi nasara a 1934. Biyu daga cikin marubutan, Abubakar Imam da wansa Bello Kagara, 'yan Kagara ne, kuma labaransu biyu, Ruwan Bagaja da Ganɗoki, daga Kwantagora suka tashi, maƙwabciyar Yauri, wadda a farkon zamanin Turawa lardi ɗaya suke.

Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya fita ne da kyakkyawar niyya, don ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki ya kuma wanke Liman mijin uwarsa daga kunyar da aka ba shi a fada. Amma tsakanin fita da komowa, abin da ya yi ta yi shi ne ƙarya da shigar burtu da cutar ƙauyawa. Shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ta rama wa juna cuta gari gari, kuma in aka jera abin da kowannensu ya aikata babu mai iya cewa ga nagari ga mugu. Abin da ya sa mai karatu yake bayan Alhaji shi ne, shi yake ba da labarin da bakinsa. Da Zurƙe aka ba dama ya faɗi nasa, da rabon ya juya. Alhaji Gizo ne da rawani, ko da yake yana da wani kaka a littattafan Larabci, watau Abu Zaid na Maƙamatul Hariri, wanda ya yi ta yaudarar mutane da fasahar baki har ya tuba a ƙarshe. Ɗalibin da aka tilasta wa rubuta cewa Alhaji nagari ne saboda shi ne babban tauraro, an koya masa ya rufe ido ga rabin littafin.

A Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, Imam ya raba wayo gida biyu ya ba kowane jiki. Waziri yana da wayo, Aku yana da wayo. Waziri ya haɗa kai da abokan gaba don ya ci amanar Sarki Abdurrahman, Aku kuwa ya yi ta jan Musa ɗan sarki da labari kowane dare don ya hana shi fita ya faɗa tarko. Dubi abin da Aku yake yi da kyau, shi ma yaudara ce, don yana riƙe yaro da daɗin baki alhali yaron wani abu yake so. Amma amana aka ba shi, kuma ita yake tsarewa. Na Waziri makirci ne, na Aku hikima, kuma amana ce ta raba su.

Jiki Magayi na John Tafida da East shi ne ya fi wuyar kasawa. Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya raba su da ƙarfin dukiya. Zuwa nan kowa ya san wanda aka zalunta. Sai Abubakar ya tafi neman asirin ramuwa, asirin kuwa ya sauka a kan ɗan da Zainab ta haifa, yaro ya tashi ɓarawo, har ya zama sanadin mutuwar ubansa. Abubakar ya fara labari a matsayin 'Yar Bora, ya gama shi a matsayin Dodo, ba don halinsa ya sake dare ɗaya ba, sai don wanda yake cuta ya tashi daga mai ƙarfi ya koma jariri. Tatsuniya ba ta cika barin tauraro ya ƙaura daga gida zuwa gida haka ba. Wannan sabon abu ne da littafi ya kawo, kuma shi ne irin tauraron da Forster ya ce yana ba da mamaki.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da tasa matsalar. Umar kansa ba ya ba da wahala, mutumin kirki ne cikakke. Abdulkarim ne abin tsayawa, Balaraben da ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa ya sa shi karatu. Littafin ya nuna shi mai karamci da amana, alhali kuwa fataucin bayi ne ya kawo shi ƙasar Hausa, watau cinikin da ya raba Umar da uwarsa ya kuma jawo mutuwarta. In an auna shi da yadda ya yi da yaro ɗaya, yana gidan nagari. In an tambayi wa aka cuta, sai a tuna da sauran da aka kora cikin hamada tare da ayarin.

Rabon da ya kamata a yi hattara da shi

Akwai wani kasafi a cikin tatsuniyoyi da labaran ban dariya wanda ba hali yake bi ba, asali yake bi. Duk wanda ya buɗe littattafai uku na Frank Edgar, waɗanda aka buga tsakanin 1911 da 1913, zai tarar da labaran Bamaguje da Bafillace da Bagwari da baƙauye, kowanne an liƙa masa hali tun kafin ya buɗe baki, wannan wawa, wancan mai wayo. Wani sashi na wannan wasan taubasantaka ne, irin na Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Gobirawa da Yarbawa, inda kowa yake da damar ramawa. Wani sashin kuwa kallon ɗan birni ne ga wanda ba ya jin harshensa sosai, kuma ba a ba wancan bakin ramawa ba. Labarin Kura ba ya ɓata wa kowa rai, don babu kura a cikin aji. A makarantar Shanga ko Ngaski kuwa, inda ɗan Bakambare da ɗan Bagunge da ɗan Bafillace da ɗan Bahaushe suke zaune a benci ɗaya, wanda aka kira wawa a labari yana iya zama kakan yaron da ke sauraro. Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri ya buga sakamakonsa a 1974 da 1975, ya bayyana yadda Gungawa da yawa suke rikiɗa su zama Hausawa, su bar harshe da suna. Malamin da zai karanta irin waɗannan labarai a wannan ƙasa ya kyautu ya sa ɗalibai su auna Bamagujen labari da mudun da suka auna Biri da kadan da ya sauki Gizo, su duba abin da ya aikata da wanda ya cuta. Sau da yawa za su tarar laifinsa bai wuce ya yarda da maganar baƙon da ya sauka a gidansa ba.